Allurar da Na Wasa a Dutsen Ƙofar Gida

Zuwa ga Hajiya Rabi, uwar 'ya'yana, da ke kwance a maƙabartar Baƙi'a ta Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke yi wa wanda ya riga shi, ina fatan makwanci ya yi miki faɗi, ya yi miki sanyi. Mu nan unguwar Harra ta Gabas muna nan yadda kika bar mu, sai abin da ba a rasa ba. Gida yana nan. Famfon tsakar gida yana nan yana ɗiga, kuma har yau ɗanki Mansur yana cewa bukra, wato gobe, zai turo mai gyara.

Kin san ni da alƙalami ba mu taɓa gaisawa ba. Surukinki, mijin 'yarki Safiya, shi ke riƙe da jawwal, wato wayar hannu, ni ina faɗa yana rubutawa, kansa a sunkuye domin akwai ƙarar matarsa a ciki. Na ce masa kada ya sa min zuma inda na sa barkono. Ya ce zai ɗora ta inda jama'a za su karanta. Su karanta. Abin da ya same ni ba sata ba ne.

Ba ki daɗe da tafiya ba, wata safiya na miƙa hannu zan ɗauki kofin shayi, hannun ya ƙi zuwa. Ina kallonsa kamar na wani. Larabawa su ce jalɗa, mu mu ce shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo da wuri, da taimakon sanda. Baki ma ya dawo, 'ya'yanki sun ce har ya fi da. Hannun dama ne ya zauna min a cinya kamar baƙon da ba ya jin yaren gida.

Hannun nan fa, Rabi. Tun gemuna bai fito ba nake ɗinke bakin buhu da shi a kasuwar dabino, basilla na shiga tana fita, ina hira ban ko duba ba. Shi ya biya sadakinki, shi ya ɗora rufin ɗakin nan. Sai ga shi ƙuda ya sauka a kai ban sani ba.

A mustashfa, asibiti ke nan, aka kawo min abinci, wata ma'aikaciya ta ɗauki cokali ta danƙa min a hagu tana murmushi. Na ajiye mata abinta. A gidan ubana, yaro ya kai hagu cikin akushi sai ya ji ludayi a kan yatsu kafin ya ji ɗanɗanon miya. A wurin na yanke wa kaina: babu mahaluƙin da zai ga na kai loma baki da hagu. Da aka sallame ni, a ɗaki nake ci, ƙofa a rufe, kamar mai cin haram.

Mansur ya ɗauko min limamin unguwa. Ya zauna ya ce, "Ya ammi, lalura ce, babu laifi a kanka ko kaɗan." Na ce na ji, malam, ban musa ba, Allah Ya ƙara sani. Ya tafi na rufe ƙofata. Ba hukuncin ne ban gane ba. Idon mutane ne, kuma malam bai da fatawar da ke rufe shi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne farantin Juma'a. Kin san shi, tunda sau nawa kika yi mitar ina barin girkinki ina tafiya. A sauko daga Harami, mu tsofaffin kasuwa mu zarce gidan Hassan Badamagare, a shimfiɗa leda, a dire faranti ɗaya, kowa ya naɗe hannun riga. Wannan zaman ne ya rage min bayan ke. Shi ma na bar shi. In Juma'a ta yi sai in ji takunsu ta lungu suna wucewa, in ƙara ƙarar rediyo.

Shi kuwa Hassan, ki ji abin da ya yi min. Mutumin da tunda muka san juna bai taɓa gaishe ni da daɗin baki ba, kullum "Bakano, bawana, ka kwana da yunwa?" Ya zo dubiya, idonsa ya faɗa kan hannun, sai ya ɗaga kai yana nazarin silin. Ya sassauta murya ya ce, "Sannu, Alhaji. Allah Ya ba da lafiya, Alhaji." Ni Hassan ke ce wa Alhaji. Ranar na san an fara yi min takaba ina zaune. Da ya sake zuwa na ce a gaya masa ina barci.

Likitar motsa jiki kuma, wata yarinya da ban jin ta kai Safiya shekaru, ba ni take yi wa magana ba, 'ya'yanki take yi wa, a kaina, kamar ana cinikin rago. Ta ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Ta ce a zuba wake a kwano in riƙa tsince shi ɗaya-ɗaya. Ƙwallon yana gidan maƙwabta, ta kan katanga ya bi. Waken an yi miya da shi.

Sai ran nan Safiya ta shigo da wani kwali da ta saya ta waya. Ta buɗe a gabana. Wani ƙyalle ne mai tauri, duk ƙananan ramuka kamar rariya, an buga masa hoton kwandon furanni. Ga ƙullin zaren ulu kala-kala, ga allura, ga takardar bayani. Wai kanfa sunansa. Inda ja yake ka cike da ja, inda kore yake ka cike da kore, rami bayan rami, har hoton ya rufe.

Ta ce, "Baba, jarrib bas. Gwadawa kawai."

Na ce aikin mata ne, ta ɗauke.

Ta ce, "Ba kai ka ce mana a ƙasar kakanninmu maza ne ke aikin babbar riga da hula ba? Ko ƙarya ce?"

Halinki ne sak. Ta bar mutum sai ya yi magana, ta ɗaure shi da igiyar bakinsa. Na ce ta bar shi nan, in na ga dama. Takardar bayanin, mai rubutu kamar tafiyar kiyashi, ita na shimfiɗa ina zuba ƙwallon dabino.

Da ta tafi na ɗauki allurar, sai na ji bakinta a dakushe, mulmul, ko tumatir ba za ta huda ba. Nan raina ya ɓaci. Na ce wato sun zauna sun yi shawara, tsoho ya koma yaro, a ba shi allurar da ba za ta ji masa ciwo ba. Ni da na riƙe basillar da ke ratsa buhu biyu. Na ja sandata na fita ƙofar gida, wurin baƙin dutsen nan da nake wasa wuƙar layya. Na zauna da hagu ina gogawa. Na kwana biyu a kai, maƙwabta na wucewa suna tambaya, ina cewa ba ruwansu. Sai da ta yi tsini kamar ƙayar dabino na koma ciki.

Daga baya Safiya ta yi min bayani wai haka ake yin ta da gangan, ramukan suna nan, allura bi kawai za ta yi, ba huda ba. Na ce allurar da ba ta huda sunanta tsinke.

Ga yadda nake yi. Hagu a sama tana turawa, dama a ƙarƙashin ƙyalle tana karɓa. Karɓar ma da farko suna ce kawai, in allura ta faɗa tsakanin yatsu sai in ja da dukan kafaɗa. Rami ɗaya kan ci min lokacin da a da zan ɗinke buhu. Na zagi mai kamfanin, na zagi mai zanen, na zagi wanda ya fara ƙirƙiro fure. Amma azahar kan yi ban ankara ba, kuma tunda kika tafi ban ga abin da ya sa lokaci ya wuce ban ji nauyinsa ba sai wannan.

Wata rana na ga ja a inda ya kamata ya zama fari. Na ce ko rinin zaren ke zuba. Na juya ƙyallen, sai na ga yatsuna na dama duk huji, jini na bin su har wuyan hannu. Tun yaushe nake caccaka su, Allah kaɗai Ya sani. Ban ji komai ba, Rabi. Ko na cizon sauro. A mustashfa ban ji tsoro ba, amma ranar na ji. Na zauna ina kallon nama yana zubar da jini ba tare da ya sanar da mai shi ba.

A haka Safiya ta same ni. Kin san ina shan maganin tsinka jini, sai ta rikice, Hausar ta gudu, Larabci zalla take zubawa. Ta ɗaure yatsun, ta ƙwace allurata, washegari ta kawo ta roba, shuɗiya, irin ta 'yan makaranta. Kwali na biyu yana zuwa da tasa allurar, na kai ta wurin dutse. In Safiya na nan, ta roba ce a hannuna. In ta fita, in zaro tawa daga naɗin hula. Surukinki ya ɗago kai yanzu, yau ya fara ji. Rubuta, malam, ai ta wuce.

Na san abin da za ki ce. "Taurin kanka, jaki ma in ya gani sai ya tuba." Kin faɗa a gidan haya, kin faɗa a wannan gidan, kin faɗa a gaban 'yan'uwanki. To na ji.

Kwandon furannin nan da na gama shi, ban gane shi ba. Na saba jan zare irin na bakin buhu, yadda ko ƙwaro ba zai shiga ba, sai ƙyallen ya murɗe ya karkace gefe guda kamar bakina a makon farko. Mansur ya gani ya ce, "Masha Allah, marra hilu," wai ya yi kyau ƙwarai, ya kai aka sa masa gilashi. Abin da ya fi saurin yi ke nan a rayuwarsa. Na ce ya rataye a gidansa, kowa ya san ɗan wa ne.

Na biyun hoton wani gida ne a bakin kogi, da bishiyoyi, da tsuntsaye suna shawagi a sama. Na ce ni ba zan zauna da tsufana in ƙera mai rai ba, ranar gobe ƙiyama a ce in hura masa numfashi. Na ɗauki kore na bi tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya na mai da su ganye. Safiya ta ce, "Baba, ganye a tsakiyar sama?" Na ce iska ce ta ɗebo su.

Ashe masu kwalin nan awo suke yi wa zare kamar mai awon zinariya. Koren da na kashe a kan tsuntsaye na bishiya ne. Ina tsakiyar bishiyar ƙarshe ya ƙare. Na ba Mansur guntu na ce ya samo irinsa. Ya kawo min wani kore kamar fentin ƙofar makaranta. Na ce ba shi ba ne. Ya ce, "Kullu akhdar, ya Baba." Duk kore ne wai. Ɗan da aka haifa a garin dabino, bai san bambancin ganyen sama da na ƙasa ba.

Haushinsa ne ya fitar da ni. Na sa tob, doguwar rigata, na ɗauki sanda, na tare tasi har unguwar Anbariyya, ni kaɗai, karo na farko tun da na kwanta. Na sami shagon masu kayan ɗinki, na sa mai shagon ya sauko da duk koren da ya mallaka, muka fita bakin ƙofa muna gwadawa a hasken rana. Har ya gaji ya ce, "Ya hajj, kiswar Ka'aba za ka ɗinka?" Na samu dai. Ina fitowa na yi kiciɓis da wani tsohon dillalin kasuwarmu, kafin in ɓoye hannu ya riga ya miƙo nasa. Na ɗaga dama da ƙyar na ba shi. Ya riƙe, ya girgiza, ya ci gaba da ba ni labarin ciwon gwiwarsa. Bai lura da komai ba. Duk hanyar dawowa ina jin haushin rashin kularsa, ina kuma jin daɗinta.

To, ga abin da na zaunar da surukinki domin in gaya miki.

Wata la'asar ina cike rufin gidan nan na bakin kogi, fanka na juyawa, ba kowa. Na tura allura daga sama, sai na ji wani abu ya harbe ni a ɗan yatsan tsakiya, zafi har cikin kai. Na yar da ƙyallen, na fara zagi, na kai rabi sai na tsaya. Na ɗauki allurar. Na duba yatsan. Na sake soka masa da gangan, a hankali.

Ya yi zafi, Rabi.

Na soki na kusa da shi, shiru. Na soki babban yatsa, sai na ji shi can nesa, kamar mai amsa sallama daga ƙuryar ɗaki. Na koma na tsakiya na ƙara, don in tabbata ba mafarki ba ne. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin abu mai daɗin zafin nan ba. Na juya gabas daga inda nake zaune, na tuna a garin nan kudu ake juyawa, na gyara, na sa goshi a ƙasa. Tsufa da murna in sun haɗu, har alƙibla sai ta ɓace wa ɗan Madina.

Likitar ta ce jijiyoyi ne ke farkawa, wai yawan aikin yatsun ne ya taimaka, tsinin allura bai ƙara komai ba sai haɗari. Ita da karatunta, ni da yatsana. Da ta roba nake riƙe, wa zai gaya min ya farka?

Daga nan na shiga koyon loma. In an kawo shinkafa in rufe ƙofa kamar kullum, amma yanzu hagu na kan gwiwa. In tara, in dunƙule, ta watse. In sake. Na ciyar da tabarmar nan abin da zai ƙosar da gida guda. Ranar da ta fara isa baki, rabinta ne ya isa, amma na tauna shi kamar naman Sallah. A ɗinkin ma sai na ga hannun ya daina fizga, zaren na kwanciya lumui, ƙyalle bai ƙara murɗewa ba. Safiya ta ce tun farko ta gaya min in sassauta. Ban tuna ba. Ni na gano abina.

Juma'ar da ta wuce, da aka sauko, ban juya gida ba. Na bi su a baya har zauren Hassan. Da suka gan ni hira ta mutu. Aka matsa, aka buɗe min gurbina na jikin bango, ashe ba wanda ya zauna a wurin. Aka dire faranti, shinkafa buhari da naman rago, tururi na tashi. Na naɗe hannun riga. Kowa ya ce bismillah, kowa kuma ya sami abin kallo a gabansa.

Na sa hannu. Na ji zafin shinkafar, wannan ma ni kaɗai na san abin da yake. Na dunƙule, na ɗago. Ana saura kaɗan ta isa, ta fashe, ta zube min a ƙirji har cinya.

Na ji wani ya ja numfashi zai ce sannu. Wallahi da ya faɗa, da na ɗauki sandata, kuma da ba su ƙara ganina ba sai a makara.

Sai Hassan ya ce, bakinsa cike, "Ku dubi Bakano. Wata da watanni ya ɓuya muna cin abincinmu cikin rufin asiri, yau ya dawo yana yi mana shuka a zaure. In noma kake so, bawana, ka bari a yi ruwa."

Na ce, "Yi shiru, Badamagare. Bawa ba ya magana ubangidansa na ci."

Aka kwashe da dariya, har mai shirin sannun. Cikin dariyar na sake dunƙulawa, ba wanda ke kallo, ta isa. Ta uku ma ta isa. Can na ga Hassan ya turo wata tsoka gabana da bayan yatsa, fuskarsa na wani wajen. Na tura masa abarsa. Ya sake turowa, ya ce haƙoransa ne ba sa iyawa. Ƙarya yake, haƙoran kura gare shi. Na cinye.

Har yanzu ban yafe masa "Alhaji" ɗin nan ba, kuma na gaya masa. Ya ce in kai ƙara.

Hannun bai koma yadda kika san shi ba, kada in yi miki ƙarya. Ƙaramin yatsa har yau barci yake. Maɓallin riga yana ba ni wuya. Basilla kam mun yi sallama. Amma ina ci cikin mutane, ina ba da hannu a masallaci, kuma ƙofar ɗakin nan a buɗe take har ana kawo min ƙarar ƙuda. Yanzu ina kan kwali na uku, hoton gonar dabino, ba tsuntsu ko ɗaya, na sa an duba kafin a saya. Da kina nan da kin zauna a gefena kina warware min zare kina cewa na tsallake rami. Da na ce ban tsallake ba. Da kin yi shiru, kin ɗora yatsa a wurin. Wannan yatsan nake nema in na ɗaga kai, Rabi. Sauran duk na iya.

Daga gidan Hassan ban wuce gida ba. Na jira aka yi la'asar, aka buɗe Baƙi'a, na shiga. Kin san yadda wurin yake, tudu kamar tudu, dutse kamar dutse, ba suna. Na tsaya daidai inda zuciyata ta ce nan ne. In na yi kuskure, maƙwabciyarki ta sami rabo, ke ma ba rowa gare ki ba. Duk zuwan da nake yi a baya hannu ɗaya nake ɗagawa, ɗayan na rataye. Ranar biyu na ɗaga, da maiƙon abinci a jikin na daman.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kina cikin waɗanda Manzo zai fara tasa daga wannan ƙasa. Allah Ya haskaka miki, Ya yafe miki abin da na sani da wanda ban sani ba. Ni dai na yafe miki duniya da lahira, har riga ni da kika yi ba shawara. Allah Ya shirya mana Mansur da Safiya da abin da suka haifa. Ya ba duk mai kwance da irin ciwona ranar da zai ji zafi ya yi godiya. In tawa ta zo, Ya sa in cika da kalma, Ya sa a sama min gurbi kusa da ke, ko da a jikin bango ne.

Wassalam.

Mijinki, na Harra ta Gabas, da bakinsa ya faɗa, da hannunsa na dama ya dangwala.